Ƙofofin Malam Nomau Uku

Ku ajiye sukudireba, ku rufe kwamfutocin nan da kuke ta tonawa tun safe, ku matso kusa. Ga ta nan gare ku, amma ba ta dabbobin daji ba ce. Labarin wasu 'yan'uwa uku ne da wata na'ura mai ƙofa uku, kuma idan na kai ƙarshe ba ni zan yanke hukunci ba, ku za ku yanke. Wanda ya san zai yi gyangyaɗi ya tashi tun yanzu, don ba na maimaitawa.

Akwai wani gari da ake kira Kwarin Marke, yana zaune a gindin duwatsu. Saboda zurfin kwarin, sabis na waya ba ya sauka can, mai son kira sai ya hau dutse yana ɗaga waya sama. Tsakanin garin da birni akwai rafi marar gada, wanda da rani akuya ke tsallakewa, da damina kuwa ko babbar mota ba ta yi masa karambani. A garin akwai wani tsohon mai gyaran rediyo, Malam Nomau, mutum mai taurin kai irin na alheri. Shi ya kafa eriya a kan dutse tana kallon ta wani kamfanin intanet da ke birni, ya jawo waya daga can har cikin wani ɗan ɗaki a bayan ƙaramin asibitin garin, ya ajiye kwamfuta guda mai tafiya da manhajar da ake kira Linux, sola na ba ta wuta. Makullin ɗakin nan kullum yana rataye a wuyansa.

Kwamfutar tana da kati uku a cikinta, kowane kati da ramin da ake soka waya. Su ne ƙofofinta. Ɗaya tana duban waje, wato eriyar kan dutse. Ɗaya ta asibiti ce. Ta uku ta kasuwa ce, ita ke kai intanet shaguna da gidaje. A cikin na'urar kuma akwai wasu dokoki da Malam Nomau ya rubuta, yana kiransu maigadi: abin da ya fito daga asibiti a bar shi ya fita waje, abin da ya fito daga kasuwa kada ya leƙa asibiti, baƙon waje kada ya shigo sai an kira shi. To amma maigadin nan makaho ne. Ba ya ganin ƙofa, sunanta kawai yake ji. Duk ƙofar da ta amsa wani suna, dokar wannan sunan zai ɗora mata.

A zamanin da aka kafa na'urar, Linux na raɗa wa ƙofofi suna ne kamar yadda muke yi wa tagwaye. Idan aka kunna ta, katin da ya fara farkawa shi ne eth0, na biye da shi eth1, na ƙarshe eth2. Hassan, Husaini da Gambo ke nan. Bambancin kawai, tagwayenmu sau ɗaya ake haihuwarsu, su kuwa waɗannan duk kunnawa sabuwar haihuwa ce. Shekara shida katin waje na riga 'yan'uwansa farkawa, na asibiti na biye da shi, har kowa ya manta cewa sa'a ce kawai. Sai wata rana batir ya yi sanyi, na'ura ta mutu ta tashi, katin kasuwa ya riga na asibiti buɗe ido, suka yi musayar suna. Maigadi bai san an yi ba. Kwana biyu ƙofar asibiti na buɗe ga 'yan kasuwa, har wani mai shagon caji ya tsinci kansa yana kallon jerin sunayen matan da suka zo awo. Allah ya sa mutumin kirki ne, ya rufe ya je ya faɗa wa Malam Nomau a asirce.

Daga nan ne gardama ta tashi a gidan Malam Nomau, domin yana da 'ya'ya uku kuma duk sun tashi a cikin wayoyi.

Babban, Mudansir, mutumin hannu ne. Ba shi da yawan magana, amma idan ya shinshina na'ura zai gaya maka abin da ya ƙone. Shi cewa ya yi a bar sunaye yadda Baba ya same su. Kuskure ɗaya a shekara shida bai isa a rushe gida ba, kuma sunan da ba ya faɗuwa a baki ba suna ba ne. A gaskiya ma shi bai yarda da suna ba kwata-kwata. Zare ya samo ya ɗaura wa wayoyin, fari na waje, ja na asibiti, baƙi na kasuwa, ya ce gani ya kori ji. Yana kuma da wata tsohuwar jaka cike da tarkacen da kowa ya yar, har da wani kati na zamanin da, wanda ƙannensa ke tsokanarsa da cewa ya girmi auta.

Ta tsakiya, Turai, ita ce ta yi karatun abin a makaranta, kuma a kanta labarin nan ya fi tsayawa, don ita abin ya fi ci wa rai. Ranar da ta ji an ga sunayen matan awo ba ta iya cin abinci ba, saboda har da sunan ƙawarta da ba ta riga ta faɗa wa kowa tana da ciki ba. Turai ta ce suna linzami ne, linzamin da ke sauya baki kuwa ba shi da amfani. Ta ce sabon Linux ya daina bin wanda ya fara farkawa, yanzu yana kiran kati da gurbin da yake zaune a cikin na'ura, kamar a ce mai rumfa ta uku a layin gabas. Sunayen ba su da daɗin faɗi: enp2s0, enp3s0, enp4s0. Mudansir ya ce wannan ai atishawa ce, ba suna ba. Ita kuwa ta ce komai muninsa, gurbi ba ya tafiya ko'ina, ko an kunna na'ura sau dubu suna na nan inda aka bar shi. Ta rantse a kan haka, kuma ku riƙe rantsuwar nan.

Autan, Kallamu, magidanci ne mai 'ya'ya biyu, amma a gidansu har yanzu auta ne. Shi mai son rubuce-rubuce ne da bin diddigi. Ya ce yayyensa duka sun kauce. Kowane kati, in ji shi, yana fitowa daga masana'anta da lambarsa ta haruffa goma sha biyu, wadda babu wani kati a duniya mai irinta. A kan wannan lambar ya kamata a ɗaura suna, kuma suna na mutane: waje, asibiti, kasuwa. Ko ka cire kati ka mayar da shi wani gurbi, sunansa zai bi shi, kamar yadda mutum ke tashi daga unguwa zuwa unguwa bai sauya suna ba. Yana da ɗan littafi mai baƙin bango inda ya kwafe lambar kowane kati da ya taɓa shiga ɗakin nan. Turai ta ce masa to idan katin ya mutu fa, sunan ya bi shi kabari? Kallamu ya ce ran da ya mutu a sake raɗawa.

Malam Nomau ya saurare su har suka gaji, sannan ya yi rabo irin na uba. Ya ba Mudansir kula da ƙarfe da waya. Ya ba Turai sunaye da dokokin maigadi. Ya ba Kallamu hulɗa da kamfanin birni. Makulli dai ya ci gaba da zama a wuyansa.

Kowa ya shiga gonarsa ya yi abin da ya yarda da shi. Turai ta koma da na'ura kan sunayen gurbi. Da ta zo gyara dokoki ta tarar tsofaffin sunaye a warwatse a wuri sama da arba'in, ta yi mako guda tana tsince su, ta tara su a wuri ɗaya, layi uku kacal, ta yadda duk sauran dokoki daga nan suke ɗaukar suna. Babu wanda ya yaba mata, don aikin da ba a gani ne. Kallamu kuma ya gano wasu na hawa dutse su soka wayarsu a eriya su sha intanet a ɓagas, sai ya sa kamfanin birni ya kulle hanyar, kada ta karɓi kowane kati sai mai lambar katinsu na waje. Mudansir ya ci gaba da tara tarkacensa. Haka aka yi shekara uku lafiya, sunaye ba su motsa ba ko sau ɗaya, Turai kuwa ba ta gajiya da tuna musu.

Sai wata Talata cikin watan Agusta, bayan azahar, hadari ya haɗo daga gabas. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya cika ya tumbatsa. Ana cikin haka Malam Nomau, yana zaune a zaure yana warware wata waya, ya dafe ƙirji ya zame ƙasa. 'Ya'yan suka ɗauke shi a kan tabarma cikin ruwan nan suka kai shi asibiti.

Asibitin ba shi da likita. Ma'aikaciyar lafiya ɗaya ce, Malama Lantana, sai wata na'ura da ke auna bugun zuciya ta zana shi layi-layi, a aika wa likita a birni ya duba, su yi magana ta bidiyo. Duk wannan ta ɗakin Malam Nomau yake bi. Malama Lantana ta liƙa masa wayoyin a ƙirji, zane ya fito, ta danna aikawa. A daidai lokacin aradu ta faɗi a kan turken da ke bayan ɗakin na'ura, har kwanukan rufi suka amsa. Saƙon bai tafi ba.

Malama Lantana ta dubi Turai, ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce, "Ina da magani iri biyu a kabad. Ɗaya zai taimake shi, ɗayan zai iya ƙarasa shi, kuma ni ban isa in ce wanne ba sai likita ya ga zanen nan. Mota ba za ta haye rafi ba. Ku dawo min da hanya, kuma kada ku daɗe."

Turai ta sunkuya ta zare makulli daga wuyan mahaifinta. Tun tana yarinya ba ta taɓa ganin makullin nan a hannun wani ba. Ta miƙa wa Mudansir, ita ta tsaya tana riƙe da hannun tsoho. Da ta waiwaya neman Kallamu, babu shi. Ya fice cikin ruwa bai ce wa kowa komai ba. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ce a zuciyarta, auta dai auta ne, ranar da ake nemansa ranar ya gudu.

To, ga abin da Mudansir ya yi. Yana buɗe ɗaki hancinsa ya gaya masa labari. Ya kashe wuta, ya kwance murfin na'ura, ya tarar katin waje ya yi baƙi ƙirin, har takardar da ke liƙe a jikinsa ta zama toka. Gurbin da katin ke zaune shi ma ya narke a gefe. Eriyar kan dutse dai Allah ya tsare ta, fitilarta na ci. A duk faɗin Kwarin Marke babu shagon da ke sayar da irin katin nan, na kusa yana hayin rafi. Mudansir ya zazzage jakarsa a ƙasa, ya tono tsohon katin nan da ake yi masa dariya a kai, ya goge haƙoransa da gefen riga, ya hure ƙura. Tun da gurbin sama ya lalace, sai ya soka shi a wani gurbi da ke can ƙasa wanda ba a taɓa amfani da shi ba, ya mayar da waya mai farin zare, ya kunna. Na'ura ta yi tari ta tashi. Da tsohuwar zuma ake magani. Ya leƙa ta taga ya kira ƙanwarsa, ya ce, "Na sa kati, zo ki ga naki." Bai ce mata ya sauya gurbi ba, don a wurinsa rami rami ne, bai ga abin faɗi a ciki ba.

Ga kuma abin da Turai ta yi. Ta zauna gaban allo ta nemi na'ura ta jero ƙofofinta. Ga su nan su uku, enp2s0, enp3s0, enp4s0, daidai yadda ta bar su. Ta yi ajiyar zuciya, ta ce sunaye lafiya suke, matsalar a wani wuri take. Ta duba wuta, ta duba dokoki, ta kashe maigadi ta tayar, ta sake duba dokoki. Komai daidai yake a rubuce, amma ko ɗigon saƙo ba ya fita. Minti goma sha biyar ta yi tana zagaye wuri ɗaya, ruwa na dukan kwano, tana jiyo muryar Malama Lantana ta bango tana kiran sunan tsoho don kada ya tafi. Ko sau ɗaya ba ta zargi sunayen ba. Yaya za ta zarge su, alhali ita ta rantse ba sa motsi?

Da dabara ta ƙare mata sai ta yi abin da ba ta taɓa yarda za ta yi ba. Ta ce, "Yaya, zare min waya mai jan zare." Ta kafa ido a kan enp3s0, sunan asibiti, tana jiran ta ga ya mutu. Mudansir ya zare. Sai enp2s0 ya mutu, sunan ƙofar waje.

Ta juya ta dubi yayanta. Ta ce, "A wane gurbi ka sa katin?"

Ya ce, "Na ƙasa. Na sama ya ƙone."

Nan take ta gane. Wasu na'urorin ba sa ƙirga gurbin da babu kowa a ciki. Da gurbin sama ya zama kango, sai ƙirga ta fara daga na biye da shi, kowa ya matsa gaba da taki ɗaya. Katin asibiti ya ɗauki sunan waje, na kasuwa ya ɗauki sunan asibiti, sabon kati ya ɗauki sunan kasuwa. Sunaye uku na nan cif, amma babu wanda ke kan mai shi, makahon maigadi kuwa yana ta tura saƙon asibiti inda ba hanya. Ba ta tsaya kuka ba, ko da yake hawaye na zuba. Ta buɗe wurin nan da ta tara sunaye shekara uku da suka wuce, ta gyara layi uku, ta tayar da maigadi. Da a warwatse suke a wuri arba'in kamar da, da la'asar ta same ta tana nema. Kuma a cikin su ukun babu mai iya karanta dokokin nan sai ita. Saƙo ya tashi daga asibiti, ya bi ta sabon kati, ya hau dutse.

Ya isa birni, aka ƙi karɓarsa. Kamfanin bai san wannan kati ba. Kullen da Kallamu ya sa don ɓarayin intanet, yau ya kama masu gida. Ba halin a kira kamfani a ce su buɗe, don babu sabis sai an hau dutse, lokaci kuma ba ya jira. Ana iya sa sabon kati ya ari lambar tsohon, Linux na yarda da haka, to amma ina lambar? Takardar jikin katin ta ƙone, mataccen kati ba ya magana. Na ga wani a cikinku yana motsa baki zai ce a duba tsofaffin bayanan na'ura. Ta duba. An saita na'urar tana share su duk kunnawa don kada su cika ta, ita kuma Turai ba ta taɓa rubuta lambar a ko'ina ba, tun da tsarinta bai buƙace ta ba. Ta ɗora kai a kan tebur. Mudansir ya tsaya da waya a hannu, ga ƙarfi ga basira amma babu abin da zai kama.

Ga abin da Kallamu ya yi. Tun lokacin da aradu ta faɗi, kafin kowa ya buɗe ɗaki, ya san wayar waje ce ta fi kusa da turken, ya san katin da zai mutu, ya kuma san kullen da shi da kansa ya sa. Littafinsa na gida, gidansa kuwa yana ƙetaren kwazazzabon da ya raba garin biyu, wanda a ranar ya zama kogi. Bai tsaya bayani ba don bayani cin lokaci ne. Ya shiga ruwa har ƙirji, ya kai gida, ya naɗe littafin a leda ya cusa cikin hula, ya sake faɗawa. A dawowa ruwa ya kwashe ƙafarsa ya maka shi da wani kututture, ya rasa takalmi, goshinsa ya fashe, amma hannu ɗaya na dafe da hula. Haka ya shigo ɗakin na'ura yana ɗigar ruwa da jini, ya ce, "Yaya Turai, rubuta." Ya karanto haruffa goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta, sabon kati ya amsa lambar mamaci kamar jikan da aka yi wa kakansa takwara. Birni ya buɗe ƙofa.

Ta bango suka ji muryar likitan birni na cewa, "Na ga zanen. Malama, saurara da kyau."

Malam Nomau bai mutu ba. Bayan kwana biyu ruwa ya janye aka kai shi birni, ya yi mako uku ya dawo. Amma likita ya ce hawan dutse ya ƙare masa, kuma hannunsa na hagu bai koma daidai ba. Babu wanda ya san ko minti goma sha biyar ɗin nan ne suka ci hannun, likita ma bai ce ba. Turai dai ta sa wa ranta cewa su ne, kuma duk sanda ta ga tsoho na kokawa da maɓallin riga sai ta kau da kai.

Wata ranar Juma'a da hantsi ya tara su a zaure, ya ajiye makulli a kan tabarma, ya ce kowa ya faɗi abin da ya faru. Abin mamaki, babu wanda ya fara da yabon kansa. Mudansir ya ce da ya buɗe baki ya ce ya sauya gurbi, da ba a ɓata lokaci ba. Turai ta ce ita ce ta rantse a kan abin da ba ta gama sani ba, ta ga sunaye ta yarda da su ba ta duba ko su wane ne ke amsawa ba. Kallamu ya ce kullensa ne ya tsare hanya, kuma bai taɓa tunanin ajiye kwafin lambar a ɗakin ba. Amma da aka zo kan yadda za a kira ƙofofi nan gaba, sai kowa ya koma kan bakansa. Mudansir ya ce da a tsarin Baba ake, da sabon kati ya shigo ya ɗauki eth0 an wuce wurin. Turai ta ce ko kuma ya ɗauki eth2, wa ya sani, sa'a ba tsari ba ce. Kallamu ya ce da an bi tasa, da asibiti da kasuwa ba su motsa ba. Turai ta ce haka ne, amma da sabon kati ya tashi ba shi da suna ko ɗaya.

Tsoho ya yi murmushi. Ya ce, "A asibitin birni na ji ana kirana iri uku. Masu shara na cewa tsohon da aka fara kawowa. Masu ba da magani na cewa mai gado na biyu. Likita kuwa lambar katina yake dubawa. Ran da aka matsar da ni gado na biyar, sai da wata ta zo da allurar mai gado na biyu ta tsaya a kaina, lamba ce ta cece ni. Ran da katina ya ɓace a ofis, gadon ne ya sa aka gane ni. Duk cikinsu babu wanda ya ce Nomau." Ya tura makulli tsakiyar tabarma da hannunsa mai lafiya. Ya ce, "Ɗaki ɗaya ne, makulli ɗaya ne. Na raba muku aiki uku, kowa ya yi nasa da kyau, amma babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya sani, saura kaɗan hakan ya kashe ni. Yanzu mutum ɗaya zai riƙe, kuma wanda ya riƙe shi zai raɗa wa ƙofofi suna yadda ya ga dama, sauran su bi. Ni na kasa zaɓa."

Turai ta dubi makullin. Tana son sa, ba ta taɓa son wani abu kamarsa ba, kuma tana tsoronsa. Ta dubi tabon goshin ƙanenta, ta dubi yatsun yayanta da suka yi kanta saboda aiki, ta dubi hannun mahaifinta da ke kwance a cinya. Babu wanda ya miƙa hannu.

To, jama'a, nan na tsaya. Ba don tsohon katin Mudansir da zarensa ba, da babu ƙofar da za a yi gardamar sunanta, amma raina suna da ya yi ne ya rufe bakinsa a lokacin da kalma ɗaya ta isa. Ba don Turai ba, da babu mai gane cewa sunaye sun zame, babu mai gyara su cikin layi uku, kuma tsarinta ya tsare sirrin matan garin shekara uku, amma yardar da ta yi da shi ce ta rufe mata ido. Ba don Kallamu ya shiga ruwa ba, da saƙo ya mutu a ƙofar birni, amma ƙofar nan shi ya kulle ta. Damina za ta sake zuwa, aradu ba ta yi alkawarin daina faɗuwa ba, kuma wani zai sake kwanciya a gadon nan yana jiran likita. Ku da kuke kwance na'urori kullum, ku gaya min: a wuyan wa za a rataya makullin nan, kuma da wane suna zai kira ƙofofin?